Kaurin zuciya da ba na hawan jini ba: yadda hoton MRI da allurar gadoliniyam ke tona cutar amiloyid

Idan dattijo ya zo asibiti a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri da kumburin ƙafafu da haki, aka ɗora masa na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya da sauti, aka ga bangon zuciyarsa ya yi kauri, hawan jini ake fara ɗora wa laifi, kuma galibi ba a yi kuskure ba, domin shi ne babban abin da ke gajiyar da zukatan manya a ƙasar nan. Sai dai akwai wani kauri wanda tsokar zuciya ba ta da hannu a cikinsa. Wani baƙon abu ne yake kwanciya a tsakanin ƙwayoyin tsokar, ya cika duk wani gurbi, har bangon ya sandare ya kasa sakin jiki ya karɓi jini. Likitoci suna kiran wannan abu amiloyid, kuma hoton maganaɗisu na MRI da ake haɗawa da allurar gadoliniyam yana cikin 'yan hanyoyin da ke nuna shi ba tare da an tsakuro naman zuciya ba.

Na fara bin diddigin wannan magana ne saboda baffana, manomin shinkafa a fadamar Argungu wanda ya haura shekara 70. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, ya daina kwanciya rigingine sai dai ya jingina da matasai, kuma sunkuyawar ruku'u kaɗai takan sa shi haki. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, hawan jinin da ya yi shekaru yana sha wa magani ya sauka da kansa, har idan ya sha ƙwayoyin ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi. Gwajin lantarkin zuciya kuma ya fito da 'yan ƙananan layuka, alhali zuciyar da ta yi kauri saboda hawan jini dogayen layuka take zanawa, tun da tsoka mai yawa lantarki mai yawa take fitarwa. Da likita ya tambaye shi ko yatsunsa suna mutuwa da dare, sai ya ce, "Ɗana, wannan ai ya fi shekara bakwai, hannu biyun duka." Mu a gida lauje muka ɗora wa laifin, ashe matsewar jijiyar wuyan hannu biyu tana cikin alamomin da kan riga ciwon zuciyar zuwa da shekaru.

Amiloyid furotin ne da jiki ya ƙera da kansa, amma ya karkace daga siffarsa ta asali, ya manne da 'yan'uwansa suka zama siraran zaruruwa da ba sa narkewa. Sunan ma kuskure ne da ya zauna: masanin nan na Jamus, Rudolf Virchow, wanda ya shigo da kalmar cikin ilimin likitanci a 1854, ya ga abin yana sauya launi da aidin sai ya ɗauka dangin sitati ne. Furotin iri fiye da 30 ne ke iya rikiɗewa haka, amma biyu ne suka kwashe kusan duk abin da ake gani a zuciya. Na farko, wanda ake kira AL, yana fitowa daga wasu ƙwayoyin ɓargo da suka lalace suna ta zubo gutsattsarin sinadarin garkuwar jiki. Yana da saurin kisa, domin wanda ya kai ga gazawar zuciya ba a yi masa magani ba, matsakaicin abin da ya rage masa bai wuce wata 6 ba. Na biyu, ATTR, daga taransitairetin yake, furotin da hanta ke yi don ɗaukar sinadarin maƙoshi da bitamin A a cikin jini. Shi kuma ko dai tsufa ya sa shi warwarewa, ko mutum ya gaji ƙwayar halittar da ta sa shi rauni tun haihuwa.

Wannan na gadon shi ya kamata ya tsayar da mu. Akwai wani sauyi a ƙwayar gadon taransitairetin da ake wa laƙabi da V122I, wanda kimanin mutum 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka ke ɗauke da shi, kuma binciken asalinsa ya dawo da shi Afirka ta Yamma, inda aka kwashi kakanninsu. Ba duk mai ɗauke da shi ne zai kamu ba, kuma ba ya cika bayyana sai bayan shekara 60, amma in ya tashi zuciya yake nufa kai tsaye. A ganina babu hankali a ce cutar da tushenta yake yankinmu ana gano ta a Amurka da Ingila, mu kuma a nan mu riƙa ɗaukarta ta littafi. Likitocinmu sun ƙware a ciwon zuciyar hawan jini, da wanda zazzaɓin gaɓoɓi ke bari a ƙofofin zuciya, da na masu jego da ƙasar Hausa ta yi suna a kansa. Amiloyid kuwa, wanda bai neme shi ba ba zai gan shi ba.

Kafin a fahimci abin da hoton ke nunawa, dole a san yadda ake samar da shi. Jikin mutum ruwa ne galibinsa, kuma ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan suna jeruwa idan aka sa mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Na'urar sai ta buga musu igiyar rediyo ta karkatar da su, sannan ta saurari tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su koma yadda suke. Wannan lokacin komawa shi ake kira T1, kuma kowane nama da nasa. Gadoliniyam, ƙarfe na 64 a jadawalin sinadarai, aikinsa shi ne ya gajarta wannan lokaci a duk inda ya taru, don haka wurin ya fito fari a hoto. Shi kaɗai guba ne, shi ya sa ake ɗaure shi cikin wani sinadari da ke riƙe shi har ƙoda ta fitar da shi a fitsari. An fara amfani da irin wannan allura a asibitoci a 1988. Abin da ya sa ta dace da wannan aiki shi ne ba ta shiga cikin lafiyayyar ƙwayar tsoka, iyakarta jini da filin da ke tsakanin ƙwayoyi.

Duk wanda ya ga ambaliyar gulbi a ƙasar Kebbi ya san sauran bayanin. Ranar da ruwa ya cika, tudu da kwari duk ɗaya suke, ba a gane komai. Sai ya fara janyewa ake ganin ƙirar ƙasa: tudu ya bushe da wuri, kwari da tafkuna su riƙe ruwa makonni. Haka allurar take. A lafiyayyar zuciya ƙwayoyin tsoka a matse suke, filin da ke tsakaninsu kimanin kashi 25 ne cikin 100, don haka gadoliniyam yakan shiga ya fita da sauri. Inda tabo yake, ko inda amiloyid ya buɗa tsakanin ƙwayoyi, fili ya yi yawa, allurar takan taru ta yi jinkirin fita. Saboda haka ba a ɗaukar muhimmin hoton nan take. Ana jira kamar minti 10 zuwa 15 bayan allura, lokacin da tudu ya bushe kwari bai bushe ba.

Akwai dabara ta biyu, kuma a kanta ne cutar amiloyid ke tona kanta. Don farin ya fito sosai, ana so lafiyayyar tsoka ta zama baƙa ƙirin. Na'urar takan kifar da ƙwayoyin haidurojin gaba ɗaya, sai kowane nama ya fara komawa da saurinsa, kuma a kan hanyar komawa akwai wani ɗan lokaci da kowanne yake ratsa sifili, wato ba ya fitar da sigina ko kaɗan. Mai sarrafa na'ura yakan ɗauki jerin hotunan gwaji don ya gano lokacin da lafiyayyar tsoka ke kan sifili, wanda bai cika wuce sulusi ko rubu'in daƙiƙa ba, ya saita ɗaukar hoto a daidai nan. A zuciyar da ba ta da wannan cuta jini ne yake fara yin baƙi, domin ya fi tsoka gadoliniyam, sannan tsoka ta biyo baya. A zuciyar amiloyid tsarin yakan juye. Tsokar ta sha allura ta ƙoshi har tana riga jini yin baƙi ko su yi tare, jinin kuma ya yi saurin rasa nasa domin amiloyid da ke sauran sassan jiki ma yana zuƙewa. Ga shi kuma babu sauran lafiyayyen wuri da za a saita na'ura a kansa, kamar shekarar da ruwa ya shanye har tudun da ake auna ambaliya da shi.

Na ga wannan da idona ta bayan gilashi a wani babban asibiti da muka kai Baffa. An ba ni izinin zama kusa da makirufo saboda ni nake fassara masa umarni, ina cewa, "Baffa, ja numfashi, fitar, riƙe," yana riƙewa daƙiƙa 10 ko fiye, na'urar tana ta ƙara kamar injin niƙa. Matashin da ke sarrafa ta ya sauya saiti sau huɗu ko biyar, kowane hoto yana fitowa toka-toka, ramin zuciyar da ya saba gani fari ya yi duhu, har ya fara tsaki yana zargin allurar ba ta shiga jijiya daidai ba. Da likitar hoto ta leƙo ta duba jerin hotunan gwajin, sai ta ce masa ya daina wahalar da tsoho, ƙin fitowar hoton ita ce amsar da ake nema. Wannan shi ne abin da na fi so ma'aikatan lafiya su riƙe, domin a wurin da ba a saba da hoton zuciya ba, abu ne mai sauƙi a rubuta cewa hoto bai yi kyau ba a sallami mutum, alhali cutar ce ta ɓata shi.

Idan hoton ya samu, siffar farin tana da nata bayani. Tabon bugun zuciya yana bin yankin jijiyar da ta toshe ne kawai, kamar gonar da magudanarta ta katse, maƙwabtanta suna kore. Kumburin tsokar zuciya na ƙwayar cuta ya fi zama a bayan bango ko tsakiyarsa, tsilli-tsilli. Amiloyid bai san iyakar jijiya ba: yakan zagaye ramin zuciya daga ciki kamar zobe, ya taɓa ɗakin zuciya na dama, ya hau bangon ɗakunan sama da katangar da ta raba su, in ya tsananta kuma ya ratsa kaurin bangon duka. Alicia Maceira da abokan aikinta a asibitin Royal Brompton na Landan ne suka bayyana wannan zoben a 2005, bayan sun gwada marasa lafiya kusan 30 da masu hawan jini, suka same shi a kimanin kashi biyu cikin uku na masu amiloyid. Shekara 10 bayan haka, Marianna Fontana da ƙungiyarta a cibiyar cutar amiloyid ta ƙasar Birtaniya da ke asibitin Royal Free suka bi mutum 250, suka nuna cewa farin yana tafiya mataki-mataki, daga babu zuwa zoben ciki zuwa ratsa bango, kuma wanda ya kai matakin ƙarshe haɗarin mutuwarsa ya ninka kusan sau 5.

Wannan bincike na 2015 ya kuma tabbatar da amfanin wata hanyar haɗa hoto da ake kira PSIR, wadda ba ta dogara da ƙwarewar mai saiti ba. A tsohuwar hanya, idan aka yi kuskuren saiti, wurin da ya fi lalacewa yana iya fitowa baƙi, mai sauƙin lalacewa ya fito fari, likita ya karanta hoton a kife. PSIR tana tabbatar da cewa duk inda gadoliniyam ya fi yawa nan ne zai fi fari. Ya kamata duk likitan da zai tura mara lafiya ya rubuta a takarda cewa amiloyid yake zargi, don a san da wane saiti za a yi aiki.

Daga baya an ƙara matsawa daga kallon fari da baƙi zuwa aunawa da lamba. Ana zana taswirar T1 ta kowane ɗigo na bangon zuciya kafin allura, kuma a amiloyid takan hau sama sosai. Wannan yana da amfani ga wanda ƙodarsa ba za ta ɗauki allura ba. Idan aka sake aunawa bayan allura, aka haɗa da gwajin yawan jajayen ƙwayoyin jini na ranar, ana iya lissafa girman filin da ke tsakanin ƙwayoyin tsoka. Wancan kashi 25 na mai lafiya yakan wuce 40 a amiloyid, wani lokaci har ya haura rabi. Cututtuka kaɗan ne ke kai shi nan, kuma lambar tana fara hawa tun kafin zoben ya bayyana, sannan tana iya sauka idan maganin AL ya kama, don haka da ita ake bin ci gaban jinya.

Duk da wannan, hoton MRI ba ya yanke hukuncin ƙarshe, kuma a nan ne na ga iyalai suna ruɗewa bayan sun kashe kuɗin mota da na masauki da na hoto. Yana iya cewa akwai amiloyid, amma ba a dogara da shi wajen raba AL da ATTR, ko da yake ATTR ya fi yawan ratsa bango da kaurara shi. Bambancin kuwa shi ne komai, tun da magungunansu ba su haɗa hanya ba. Dole a yi gwajin jini da na fitsari don neman gutsattsarin furotin na ɓargo, kuma tun da AL ba ya jira, bai kamata a jinkirta wannan gwaji har sai an sami ranar hoto ba. Idan gwajin ya fito babu komai, ana yin hoton ƙashi da wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya; zuciyar ATTR takan zuƙe shi har ta kai haƙarƙari haske ko ta fi su, kuma tun daga wani babban bincike na 2016 da Julian Gillmore ya jagoranta aka amince cewa waɗannan biyu sun isa a tabbatar da ATTR ba tare da tsakuro nama ba. Idan kuwa an ga furotin ɗin ɓargon, sai an ɗebi nama, daga kitsen ciki ko ɓargo ko zuciyar kanta, a rina shi da jan rinin Kongo, wanda ke sa amiloyid ya yi wani kore mai sheƙi a ƙarƙashin haske na musamman.

Game da lafiyar allurar, ƙoda ce abin dubawa, kuma amiloyid, musamman AL, yana yawan taɓa ta. A 2006 aka gano alaƙar gadoliniyam da wata cuta mai sandarar da fata da gaɓoɓi a masu gazawar ƙoda mai tsanani, shi ya sa ake auna ƙarfin tacewar ƙoda kafin allura, a yi taka-tsantsan idan lambar ta gaza 30. Sababbin nau'o'in da sinadarin ya kewaye ƙarfen kamar keji sun rage wannan haɗari ƙwarai, kuma Tarayyar Turai ta dakatar da yawancin tsofaffin a 2017. Ana guje wa allurar ga mai ciki. Maganar ƙarfe a jiki ma ba ta wasa ba ce: mai na'urar daidaita bugun zuciya, da mai walda da ɓarɓashi ya taɓa shiga idonsa, da wanda harsashi ya rage a jikinsa, duk sai sun faɗa tun a ƙofa, haka kuma laya ko guru da ke da ƙarfe a ciki sai an cire. Aikin yakan ci minti 45 zuwa awa guda a kwance, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ruwa a huhu. Baffa sai da aka yi kwanaki ana rage masa ruwan jiki da maganin fitsari kafin ya iya.

Ba kowace na'urar MRI ce ke wannan aiki ba. Ana buƙatar mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ko 3, da manhajar zuciya da ke bin bugu, da ma'aikacin da ya saba. Wani ƙidayar da aka buga a 2018 ya nuna cewa mafi yawan na'urorin da ke Najeriya a lokacin masu ƙaramin maganaɗisu ne, waɗanda ke iya hoton kai da ƙashin baya amma ba wannan ba. Don haka kafin a ɗauko tsoho daga Zuru ko Kamba a yi doguwar tafiya da shi, a buga waya a tambaya ƙarara ko ana hoton zuciya da allura a wurin, kuma wa zai karanta.

Wani zai ce mene ne amfanin gano cutar da maganinta ya fi ƙarfin aljihu, kuma tambayar tana da nauyi. Maganin tafamidis, wanda gwajin 2018 a kan mutum 441 ya nuna yana rage mace-macen masu ATTR da kusan kashi 30 cikin 100, an sa masa farashin dala 225,000 a shekara a Amurka lokacin da aka amince da shi a 2019, kuma acoramidis da vutrisiran da suka biyo baya su ma ba na talaka ba ne. Amma sanin sunan cutar yana sauya jinya ko da ba a sayi ko ɗaya ba. Zuciyar da ta sandare ɗan jini kaɗan take turawa a kowane bugu, da yawan bugu take cike giɓi, saboda haka magungunan rage gudun zuciya da ake ba sauran masu gazawar zuciya suna iya kayar da mai amiloyid. Ana guje wa magungunan zuciya irin su verapamil da diltiazem, ana kaffa-kaffa da digoxin, ana rage magungunan saukar da jini, sannan idan bugun ya rikice ana ba da maganin tsinka jini ba tare da jira ba, domin gudan jini yana saurin taruwa a irin wannan zuciya. Mai AL kuwa ana yi masa magani da irin haɗin da ake ba masu sankarar ɓargo, wanda likitocin jini a asibitocin koyarwa sun san shi.

Gwajin jinin Baffa da na fitsarinsa ba su nuna furotin ɗin ɓargo ba, hoton ƙashi kuma ya haska zuciyar. An janye masa ƙwayoyi biyu daga cikin biyar da yake sha, jirin ya tafi, ana auna nauyinsa kowace safiya a kan sikelin da muka saya a kasuwar Birnin Kebbi don a san ko ruwa ya fara taruwa. Abin da ya rage shi ne gwajin ƙwayar gado, domin idan V122I ne, kowane ɗa da ya haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka, haka ma 'yan'uwansa na ciki ɗaya, kuma mahaifina ƙaninsa ne.